Lambar Badaru

Isa,
26 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga matata Zahra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da ɗiyarmu Fatsuma. Yaya tarin nata? Yaya Kawu da mutanen gidanshi, yaya baƙunci a Sakkwato? Ki gaishe su ƙwarai, ki ce ina godiya da riƙonku da sunka yi.

Kin ga inda duniya ta maishe mu, ni da ke muna rubuta wasiƙa kamar kakanninmu. Tun da anka yanke sabis ɗin waya a nan, wayata ta zama tocila kawai. Marwan direban bas ya ce zai riƙa kai miki takarda duk ran da hanya ta bari. Kada ki yi wa rubutuna dariya, na san halinki.

Na san abin da idonki ke nema, ba za ni ja miki rai ba. Yayanki Badaru har yanzu yana daji. Yau kwana goma sha tara ke nan da mutanen daji sunka kwashe su daga gonakin Turba. Wata tsohuwa da sunka sako don ta kasa tafiya ta ce ta gan shi da ranshi, amma fukar nan tashi ta taso mishi, kuma kin san maganin shaƙarshi a gida ya bar shi. Innarku tana ajin da anka ware wa mata, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Kullum da safe nikan durƙusa daga bayan taga in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, in wuce. Ba ta taɓa tambayata komai ba, ni ma ban san me za ni ce mata ba.

Mu kuwa muna nan garin Isa, a makarantar firamaren da anka sauke mutanen ƙauyuka. Gero ya nuna a Turba, tsuntsaye ke girbinshi. Shekaranjiya wani ya saci jiki ya leƙa gonarshi, ya dawo ya zauna gindin bango har la'asar.

Bari in gaya miki abin da ke hana ni haukacewa. Tsohon laftof ɗin nan da kike cewa ya fi injin niƙa ƙara, shi ne abokin hirata yanzu. Littafin koyon rubuta manhaja da na sauke kafin a yanke sabis nike bi shafi-shafi, ba malami, ba wanda za ni tambaya. Na iso babin da ake kira binari. Ashe kwamfuta, duk girman da muke ba ta, ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, akwai ko babu. Kwana uku ina karantawa kaina na juyawa, ni da na shekara bakwai ina koyar da lissafi, abin kunya!

Sai ran Laraba na zauna ƙarƙashin dalbejiya na haƙa ramu huɗu a jere irin na dara. Na ce ramin dama darajarshi ɗaya, na kusa da shi biyu, mai bi mishi huɗu, na hagu takwas. In rami na da tsakuwa ɗaya ke nan, in babu sifili. Na jefa tsakuwa a ramin huɗu da ramin biyu, na haɗa, shida. A rubuce 0110. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba. Tsofaffin da ke kusa sunka taso a guje, sun ɗauka labari ne ya zo daga daji. Da na ga fuskokinsu sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma abin ya yi rana. Ruwa ya jiƙa littattafan da ake rubuta sunayen mutane, mu kuma mun haura ɗari shida, sai dattawan sansani sunka ba ni aikin rajista. Na shirya kowane mutum a ba shi lamba guda mai ramu huɗu. Ramin ɗaya, yana nan sansani. Ramin biyu, ba shi da lafiya. Ramin huɗu, yana daji. Ramin takwas, Allah ya yi mishi rasuwa. Lambar Badaru shida ce, yana daji kuma ba shi da lafiya. Shi na fara shigarwa, da hannuna.

Ki ci gaba da addu'a. Ki shafa mini kan Fatsuma, ki ce Baba na kewarta, kuma ba ita kaɗai ba.

Naki har kullum,
Nasiruddeen.


Isa,
11 ga Oktoba, 2021.

Zahra'u tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu da iyalinshi. Takardarki ta iso, na karanta ta har na kusa haddacewa. Alhamdu lillahi da tarin Fatsuma ya yi sauƙi. Yajin da kika aiko na raba biyu, na aika wa Inna rabi. Batun da kika ce ina wasa da tsakuwa mutane na kuka, na ji, kuma ban yi fushi ba. To saurara ki ji inda wasan ya kai.

Akwai labari mai daɗi, in Allah ya tabbatar. Baba Atiku, dattijon Turba da ke shiga wurin mutanen daji, ya dawo ran Asabar. An cika musu abin da sunka nema, kada ki tambaye ni yadda anka yi, ba magana ce ta takarda ba. Sun yarda za su saki mutanen Turba ran Alhamis. Sai dai suna riƙe da mutanen ƙauyuka da yawa a haɗe, kuma kowa zai so ya ce shi ɗan Turba ne. Saboda haka sunka ce a kai musu sunaye a rubuce. Wanda anka kira sunanshi ya fito, wanda ba a kira ba ya zauna. Kin ga ke nan rayukan mutane arba'in da ɗaya sun koma kan takarda guda, kuma ni za ni fitar da ita.

Kada gabanki ya faɗi, na shirya. Na wuce babin ƙirga na shiga na alamomin da ake taɓa ramukan nan da su. Uku ne manya. Ta farko sunanta AND, ita tambaya take yi. In na haɗa ta da lambar mutum da huɗu, sai ta gaya mini ko akwai tsakuwa a ramin daji. Da ita za ni tace sunayen cikin ƙiftawar ido, maimakon in bi mutum ɗari shida da yatsa. Ta biyu OR, mai kama da ƙaramar sanda a tsaye, aikinta sa tsakuwa, in ta iske akwai sai ta bar ta yadda take. Ta uku XOR, mai kama da 'yar hula, ita ce ta sace mini zuciya. In ta iske rami fanko ta sa tsakuwa, in ta iske tsakuwa ta cire. Na ce kai, ga mai aikin mutum biyu! Maɓalli guda ya ishe ni, ran da anka kama mutum a danna, ran da ya dawo a sake dannawa. Da a ce sandar nan na ɗauka, da sai na rubuta wani layi daban na cirewa, wanda gaskiya har yanzu bai zauna mini a kai ba. Na gwada hular a kan sunana sau goma, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ba ni kaɗai ke aikin ba. Kin san mata ba su tsayawa layi guda da maza, kuma ba kowace ke iya buɗe wa namiji bakinta ba. Sai na koya wa Malama Habi, abokiyar aikina mai koyar da aji uku. Maza na zuwa wurina da safe, in na tafi masallaci azahar in bar mata na'urar, mata su zo wurinta. Na sauƙaƙa mata abin ƙwarai. Ta rubuta suna, ta danna maɓalli, allo ya ce an yi, shi ke nan. Dattawa har sun fara ce mini injiniya, ni kuma ban hana su ba, ba za ni ɓoye miki ba.

Kullum kafin in fara aiki sai na buɗe sunan Badaru na duba. Yau ma na duba, shida, yana nan daram. Ran Laraba da la'asar za ni kai shagon Jamaluddeen mai furinta a buga takardar, in miƙa wa Baba Atiku hannu da hannu. Na samu maganin shaƙa guda a wurin wani ma'aikacin lafiya, na ajiye shi a aljihun rigata don ranar.

Ki fara tunanin abin da za ki dafa mishi, don na san da ya huta sai ya ce a kai shi ya ga Fatsuma. Allah ya kai mu Alhamis lafiya.

Mijinki mai begenki,
Nasiruddeen.


Isa,
15 ga Oktoba, 2021.

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki kira matar Kawu ta zauna kusa da ke.

Sun dawo jiya da yamma, mutum arba'in da biyu. Badaru ba ya cikinsu. Yana da rai, na rantse miki da Allah yana da rai jiya da hantsi, amma ba su sako shi ba.

Na tsaya bakin hanya da maganin a hannuna ina duba fuska bayan fuska har na ƙarshe ya wuce. Na tari Baba Atiku, ya ce shi ba su bar shi ya matsa kusa ba, daga nesa sunka karɓi takardar. Sai da sunka yi nisa a hanyar dawowa mutanen sunka gaya mishi an bar mutum guda. Ya koma ya roƙa, sunka ce abin da ke takarda shi anka yi alkawari, kuma sunan ba ya ciki.

Mairama matar maƙerin Turba tana cikin waɗanda sunka dawo, ita ta ba ni sauran labarin. Ta ce tun da anka fara kiran sunaye Badaru ya miƙe tsaye riƙe da ƙirjinshi. Ana kira, mutane na wucewa ta gabanshi, yana musu barka. Da mai kiran ya kai ƙarshe ya juya takardar ya ga bayanta fari, sai Badaru ya koma ya zauna. Ya ce wa Mairama ta gaya mini kada in damu, wataƙila wani shafi ne ya faɗi a hanya, ya san ni ba za ni manta da shi ba.

Ban gane ba, Zahra'u, wallahi ban gane ba. Ran Laraba da safe na duba shi da idona. Da la'asar na je anka buga, na ga ƙasan takarda ya ce arba'in da biyu, Malama Habi kuwa ta riga ta ce mini mata sun kawo sababbin sunaye, na ce madalla, na naɗe na miƙa. Ba shakka furintar Jamaluddeen ce ta ci layi, ta saba cin takarda. Yau da safe na je shagon na shaƙe mishi wuyan riga a gaban jama'a, na faɗa mishi maganganun da ban taɓa faɗa wa mutum ba, sai da anka janye ni. Laftof ɗin ba caji, kwana biyu hadari ya hana sola aiki, da ya samu wuta za ni nuna wa kowa sunan yana nan.

Na rubuta sabuwar takarda da biro, suna guda, Baba Atiku ya ce zai koma da ita in sun ba shi rana. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a.

Naki,
Nasiruddeen.


Isa,
28 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Zahra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Marwan ya riga ya kai wa Kawu saƙo jiya, kuma an gaya miki. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Badaru, ya gafarta mishi, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya ba ki dangana, ya ba Kawu da dukan dangi.

Ga yadda abin ya faru, don kada ki ji shi gutsi-gutsi a bakin mutane. Baba Atiku ya koma da takardata ran Alhamis da ta wuce, ya iske sun tashi daga wurin, ba wanda ya san inda sunka nufa. Shekaranjiya wani mutumin Alkalawa mai suna Ibrahima ya kuɓuto ya iso nan ƙafafunshi a kumbure. Tare sunka zauna da Badaru. Ya ce tafiyar da anka yi da su ce ta ƙarasa shi, numfashi ya yi ta gagara, ran Litinin da hantsi ya cika, kanshi bisa cinyar Ibrahima, da kalmar shahada a bakinshi. Su uku sunka yi mishi salla, sunka haƙa da itace da hannu sunka rufe shi. Kwana goma sha ɗaya ke nan bayan ranar da ya kamata ya kwana a gida.

Yanzu sauran maganar da na yi kwana goma sha biyu ina haɗiyewa. Takardunki biyu sun zo kina tambaya me ya faru, na kasa amsawa. Ba rashin lokaci ba ne, tsoro ne.

Ba furintar Jamaluddeen ba ce. Washegarin ranar da na rubuto miki, laftof ya samu caji, na buɗe sunan Badaru don in kai wa dattawa shaida. Sai na ga 0010. Biyu. Ba shi da lafiya, amma ba ya daji. Tsakuwar ramin huɗu ta fita, shi ya sa da na tace sunaye bai biyo ba. Daga nan na je na sami Malama Habi, na tambaye ta a hankali, kamar hira, su wa sunka zo wurinta ran Laraba.

Ta ce an roƙe ta kada ta faɗa, amma tunda ni ne. Ran Laraba, da na tafi masallaci, Inna ta zo. Ta zauna gefe har mata sunka watse. Kin san ta, ba za ta iya tsayawa gaban surukinta ta tambaye shi ko ya sa ɗanta ba, kuma Badaru ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce wa Habi, yaron nan, a duba mata ko an sa shi da kyau, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Habi ta ce mata ai malam ya sa shi tuntuni. Inna ba ta tashi ba. Habi ta ji tausayi, ta rubuta sunan a gabanta, ta danna maɓallin don ta gani da idonta, allo ya ce an yi. Inna ta sa mata albarka, ta roƙe ta kada in ji, don kada in ɗauka ba ta yarda da aikina ba. Sababbin sunaye biyu mata sunka kawo ranar, shi kuma ya fita, shi ya sa jimla ta ƙaru da ɗaya, ni kuwa ban tsaya na tambaya ba, ban kuma karanta takardar ba.

Alama guda ce, Zahra'u. Da sandar nan na sa maimakon hula, ko sau ɗari anka danna yana nan. Littafin ma ya yi gargaɗi a kan haka, shafi biyu gaba da inda na tsaya, ɗoki bai bar ni na kai can ba. Na gwada abin a kan sunana, ni da ba wanda zai zo a ɓoye ya sake sa ni. Na san mutanenmu, na san Inna, kullum ina durƙusawa bayan tagarta, amma ban taɓa kawowa a raina cewa uwa za ta so ta tabbatar da kanta ba. Gyaran bai ɗauke ni minti guda ba. Na bi sunaye ɗari shida ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ne abin ya faɗa wa.

Habi ba ta san abin da dannawarta ta yi ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba, abin da na koya mata shi ta yi. Jamaluddeen kuwa, tun ranar da na shaƙe shi mutanen Turba sunka daina amsa sallamarshi, ya rufe shago. Gobe bayan sallar Juma'a za ni tashi gaban dattawa in ce ni ne, na rubuta abu ba daidai ba, sunan ya faɗi ta hannuna, in roƙi Jamaluddeen gafara a inda na ci mutuncinshi. Duk abin da sunka ce mini na cancanta. Iyakar abin da za ni faɗa ke nan, ba za ni ambaci ran Laraba ba.

Ga dalili. Jiya a wurin zaman makoki Habi ta ji Inna tana gaya wa mata cewa ita ba ta da abin da za ta yi da-na-sani a kai. Ta ce ta ajiye kunya ta je da ƙafarta ta sa aka rubuta shi, ta ga an danna da idonta, saura kuwa hukuncin Allah ne. Habi ta ce tun da labarin ya zo, sai a lokacin ta ga Inna ta karɓi ruwa ta sha. Wannan maganar ce ke riƙe da ita, kuma ina so ta riƙe ta har ƙarshen ranta.

Ke ba za ni iya ɓoye miki ba, ba za ni iya kallonki kina mini sannu da ƙoƙari ba. Na san na ɗora miki kaya kan kaya. Ban roƙi gafararki ba tukuna, bakina bai kai ba. In kin ce in zo Sakkwato za ni zo, in kin ce kada in zo za ni zauna inda nike. Abu guda nike roƙo, don Allah, don darajar mamacin: in kin zo yi wa Inna gaisuwa ta ba ki labarin zuwanta wurin Habi, ki ce mata ta kyauta. Ki ƙona wannan takarda in kin gama.

Allah ya jiƙanshi, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Ni ne mijinki, in har kina iya kirana haka,
Nasiruddeen.